Ga ƙannena masu neman shiga soja a wannan zamani na tsuke bakin aljihu

Assalamu alaikum ƙannena matasan Bauchi. Duk sa'ad da rundunar sojan ƙasa ta buɗe shafinta na ɗaukar kurata, shagunan intanet na Wunti da Yalwa cika suke yi maƙil, kowa da ambulan ɗin takardunsa a hammata. Ina so ku san yadda ake lissafin guraben nan kafin ku cike fom, domin rashin sanin haka ne ke jefa da yawanku hannun 'yan damfara.

Kurtu ɗaya kuɗi ne mai yawa a wuyan gwamnati. Za a ciyar da shi kimanin wata 6 a makarantar kuratan soja ta Zariya, a ɗinka masa kaki, a ba shi takalmi da magani da harsashin koyon harbi. In ya fito, ga albashi duk wata, ga ɗaki a bariki, ga fansho a gaba. Shi ya sa kasafin kuɗi da yawan gadajen makarantar horo ne ke yanke adadin da za a ɗauka, komai yawan masu nema. Tarihinmu ma ya nuna haka: sojan Najeriya bai wuce kimanin 10,000 ba a 1967, yaƙin basasa ya kai shi kusan 250,000 a 1970, daga nan aka shafe shekaru ana rage su saboda baitulmali ba zai iya riƙe su ba.

Yanzu kuma matsin ta wata fuska ya zo. A 2020 gwamnatin tarayya ta dakatar da ɗaukar ma'aikata a ma'aikatunta, amma soja ya ci gaba da ɗiba saboda yaƙin Arewa maso Gabas. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta ƙara tsada, sai kowa ya nufi ƙofar da ta rage a buɗe. Guraben kuwa rabawa ake yi tsakanin jihohi 36 da Abuja, kason Bauchi kuma a kasa shi ga ƙananan hukumomi 20. To in masu nema sun yi wa gurbi yawa, mai tantancewa dalilin sallamarka yake nema, kuma ɗan ƙaramin kuskure ya ishe shi.

Takardu ne suka fi kayar da mutane. Wanda ba shi da sana'a ana so ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 22, mai sana'a irin su kanikanci ko tuƙi ana ɗaga masa zuwa 26. Tsayin namiji kada ya gaza mita 1.68, mace 1.65. Sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB ya nuna an ci aƙalla darussa 4 har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. Ku karanta sanarwar shekarar da kanku, don akan sauya wani sharaɗi. Sannan ku jera takardar firamare, ta sakandare, ta haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma, NIN da BVN, ku duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, ko sunan uba ya koma gaba a ɗaya ya koma baya a ɗaya, duk suna iya mayar da mutum gida. Gyaran NIN yana cin lokaci, a fara shi tun kafin a buɗe shafi. Rage shekaru da takardar rantsuwar kotu kuwa, ku bar shi don Allah. Shekarar da ka gama firamare za ta tona ka, ko an ɗauke ka ana iya korarka daga baya.

Kada ka bar mai shago ya cike maka fom kana waje kana hira. Ka zauna kusa da shi, ka sa lambar wayarka da imel naka, kada ka cike sau biyu. Takardun da za ka buga, na yardar iyaye da na mai tsaya maka da na ƙaramar hukuma, a sa musu hannu da hatimi na gaskiya.

Sai jiki. Akwai gudun kilomita 3.2, wanda ya fara motsa jiki saura mako guda ba zai kai ba. A fara wata 2 ko 3 kafin lokaci, da asuba, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Likitoci za su duba ido, hawan jini, ciwon hanta, gwaiwa, gwame da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa. Ka je asibiti ka auna kanka tun da wuri, don abin da ke jin magani a yi maganinsa. Za a kuma gwada fitsari. Mai shan tiramol ko wiwi ko kodin, wai don ya ji ƙarfin gudu, kansa ya cuta, ya kuma ja wa iyayensa kunya.

Cike fom kyauta ne, kuma ba a sayar da gurbi. Wanda ya ce yana da wani babban hafsa a Abuja ko a barikin Shadawanka, a kawo dubu kaza a sa sunanka, ɓarawo ne. In ka ci da ƙoƙarinka ya ce aikinsa ne, in ka faɗi ya kashe waya. Abin da ya fi ciwo, uwa ce ke sayar da awakinta ko uba ya jinginar da gona. Wasu ma takardar bogi ake ba su, su tafi har Zariya a kama su a bakin ƙofa.

Wanda ya samu kuma ya san abin da ya shiga. Inda sojoji suka yi kaɗan, wanda ke bakin daga ne ke ɗaukar nauyin: ya daɗe a Borno ko Zamfara ba a kawo mai canjinsa ba, hutunsa ya yi ta ja baya. Aiki ne mai daraja, ƙasar nan tana buƙatar masu yinsa, amma ka zauna da mahaifanka ku yi maganar tsakani da Allah, ka yi istihara. Mai digiri ya jira ɗaukar hafsoshi na gajeren zango, mai sakamako mai kyau ya gwada NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, ta hanyar JAMB. Wanda shekarunsa suka kusa wuce 22 ya kama sana'a da takardar gwajinta tun yanzu, ita ce za ta ba shi damar sake nema har zuwa 26.