Kofi biyu kacal Dean Smith ya ci, amma ni a gaba nake sa shi

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo ya san yadda muke yi wa koci hukunci: kofi nawa ya ci? In ka ce biyu a shekara 36, dariya za a yi maka, a ce ɗumama kujera kawai ya yi. To, lissafin marigayi Dean Smith ke nan, mutumin da ya horar da 'yan ƙwallon kwando na Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka daga 1961 zuwa 1997. Sau biyu ya ɗaga kofin jami'o'in ƙasar, a 1982 da 1993. John Wooden na Jami'ar UCLA ya ɗaga sau 10. Mike Krzyzewski na Jami'ar Duke, maƙwabcinsa kuma babban abokin hamayyarsa, sau 5. Duk da haka, da ina da ɗa mai buga wasan nan aka ce in zaɓi wanda zan damƙa shi a hannunsa, ba zan yi dogon tunani ba, Smith zan ba.

Masu kushe shi ma cewa suke kofunan biyu tsintar dami a kala ne. A wasan ƙarshe na 1982 da Georgetown, Michael Jordan yana ɗan aji ɗaya ya jefa ƙwallon da ta sa su gaba, 63 da 62, saura daƙiƙa kusan 15. Georgetown na da damar ramawa, sai Fred Brown ya ruɗe ya miƙa wa James Worthy na Karolina ƙwallo a hannu. A 1993 kuma Chris Webber na Michigan ya nemi alƙalin wasa ya ba su ɗan hutu alhali sun cinye nasu, aka hukunta su, wasa ya tafi. Duka biyun a New Orleans aka yi. Na yarda akwai sa'a a ciki. Amma sa'a ba ta kai mutum zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe har sau 11, ba ta kuma ba shi nasara 879, wadda a ranar da ya yi ritaya babu kocin manyan jami'o'i da ya kai ta. An ruwaito ma cewa a daren 1982 ɗin ya ce wa mataimakinsa Roy Williams, shi dai bai ga ya fi yadda yake awa biyu da rabi da suka wuce iya koci ba.

Abin da ya sa nake girmama shi ɗan ƙarami ne, yatsa ne guda. Ku nemi tsohon bidiyon wasan Karolina ku duba. Ɗan wasa ya jefa ƙwallo ta shiga, 'yan kallo sun ɓarke da ihu, shi kuwa bai tsaya bugun ƙirji ba. Yana juyawa a guje zai koma tsaron gida, sai ka ga ya ɗaga hannu ya nuna wanda ya ba shi ƙwallon. Doka ce Smith ya kafa. A wasan nan jarida sunan mai ci take bugawa, wanda ya hango shi ya zura masa ƙwallon tsakanin mutum biyu kuwa ba mai tuna shi. Smith ya ce a'a, a gaban dubban mutane za ka nuna shi, kowa ya san ba kai kaɗai ka yi ba. Yaba kyauta tukwici. Yau har a NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, ana yin haka, da yawa ba su ma san daga inda ya samo asali ba.

Sauran dokokinsa duk jinin wannan ne. Wanda ya gaji a fili zai ɗaga dunƙulallen hannu a fitar da shi, in ya huta shi zai ce a mayar da shi. 'Yan ajin ƙarshe su ke fara wasansu na ƙarshe a gida, ko da mutum ya shekara huɗu a benci. Sababbin shiga su ke ɗaukar kaya, har da Jordan. Lokacin da mujallar Sports Illustrated ta so saka hoton 'yan wasansa a bango a 1981, ya hana a saka Jordan saboda bai buga ko wasa ɗaya ba tukuna. Akwai ma barkwancin nan cewa Dean Smith kaɗai ya iya hana Jordan cin maki 20 a wasa, don kuwa matsakaicin makinsa a jami'a 17.7 ne. Amma shi ɗin ne dai a 1984 ya ba shi shawarar ya tafi NBA saura masa shekara guda, alhali tafiyar tasa asara ce ga ƙungiyar. Kocin da kofi kaɗai ke gabansa ba ya yin haka.

Sai maganar launin fata, wadda a kudancin Amurka na wancan zamani ba wasa ba ce. Smith, farar fata ɗan jihar Kansas, ya taɓa shiga wani gidan abinci da ba ya karɓar baƙaƙe a Chapel Hill, garin da jami'ar take, tare da limamin cocinsu Robert Seymour da wani ɗalibi baƙar fata, suka zauna. Masu gidan sun san shi, ƙungiyar jami'a na cin abinci a wurinsu, dole suka kawo abinci. A 1966 ya ɗauko Charlie Scott, baƙar fata na farko da jami'ar ta ba tallafin karatu don wasa. Wata rana wani ɗan kallo ya zagi Scott ya kira shi biri, sai da aka rirriƙe Smith, mutumin da ko ashar ba a san shi da ita ba. Kuma ku lura, kujerarsa ba ta gama kafuwa ba a lokacin. A 1965 ɗaliban jami'ar da kansu suka rataye mutum-mutuminsa a bishiya bayan Wake Forest ta doke su, ɗan wasansa Billy Cunningham ne ya sauko daga mota ya tsinke shi.

Ba waliyyi nake mayar da shi ba. Dabararsa ta kusurwa huɗu, inda 'yan wasa huɗu ke bajewa a kusurwoyi, na biyar yana ta yawo da ƙwallo a tsakiya har lokaci ya ƙare, ta ci masa wasanni amma ta azabtar da 'yan kallo. A 1979 sun riƙe ƙwallo a wasa da Duke har aka tafi hutun rabin lokaci ana 7 da 0, su ne da sifirin. Wanda ya sayi tikiti ranar an cuce shi. Irin wannan na cikin abin da ya sa aka kawo agogon da ke tilasta wa ƙungiya jefa ƙwallo cikin daƙiƙa 45 a wasannin jami'o'i a 1985, kuma gara da aka yi.

Akwai kuma wanda ya fi wannan nauyi. Ana yawan alfahari da cewa sama da kashi 96 cikin 100 na 'yan wasansa sun kammala digiri. Amma binciken da aka fitar a 2014 ya gano cewa daga 1993 zuwa 2011 an yi kwasa-kwasan bogi a wani sashe na jami'ar, ba aji ba lacca sai maki mai kyau, kuma 'yan wasa sun amfana. Rahoton bai kama Smith da hannu a ciki ba. Sai dai abin ya soma ne yana kan kujera, kuma mai gida ba ya kuɓuta sarai daga abin da ya faru a gidansa. Masoyansa ba sa son a ɗago wannan, ni kuwa ina ganin ɓoye shi ba girmamawa ba ce.

Ƙarshen rayuwarsa ciwon mantuwa ya kama shi, shi da aka sani da riƙe sunayen tsofaffin 'yan wasansa da na matansu da 'ya'yansu. Da Barack Obama ya ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2013, matarsa ce ta karɓar masa. Ya rasu ranar 7 ga Fabrairun 2015 yana da shekara 83.

Bayan 'yan makonni sai wasiƙu suka fara isa gidajen tsofaffin 'yan wasansa, mutum kusan 180. Ashe ya bar wasiyya a aika wa kowannensu cakin dala 200, da saƙon ya fita ya ci abincin dare a aljihun koci. Jordan mai dukiyar biliyoyi dala 200 aka rubuta masa, wanda ya ƙare karatunsa a benci shi ma dala 200.