Ba kwamfuta ce ta hana mu rubuta ƙ, ɗ da ɓ ba

Jama'a, lokaci ya yi da za mu daina ɗora wa kwamfuta laifin da ba nata ba. Duk wanda ya taɓa kai aikin Hausa wurin masu buga takardu a nan Legas, katin ɗaurin aure ne, ko sanarwar taron ƙungiya, ko jarrabawar 'yan Islamiyya, ya san amsar da ake ba shi in ya tambayi inda ƙugiyar haruffansa ta shiga: wai kwamfuta ba ta da su. Daga Agege zuwa Idi-Araba har Shomolu, bakinsu ɗaya. Shekara talatin da suka wuce wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Yau kam babu, kuma yardar da muke yi da ita tana ci mana rubutu.

Kwamfuta ba harafi ta sani ba, lamba ta sani. Kowane harafi sai an ba shi lambarsa kafin ta iya ajiye shi. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 ne kacal, ya ishi Turanci, shi ke nan. Da aka faɗaɗa zuwa 256 sai kowane yanki ya samu nasa jadawalin, mu kuma wanda ya zo mana cikin Windows 95 da 98 shi ne Windows-1252, na Yammacin Turai. Bafaranshe da Bajamushe sun samu haruffansu a ciki, Bahaushe ko gurbi ɗaya bai samu ba, alhali tun shekarun 1930 ake buga boko da haruffa masu ƙugiya a Zariya.

A wannan ƙunci ne masananmu, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, suka samar da zubin haruffa (wato font) na musamman a shekarun 1990. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama a zana mata fuskar harafin Hausa. Ka danna } ka ga ƙ, ka danna ] ka ga ɗ, ka danna ~ ka ga ɓ. Wasu kuma q da x da v suka ara. Allah ya saka musu da alheri, sun fitar da mu kunya a lokacin da babu wata mafita. Sai dai a cikin kwamfutar abin da aka ajiye yana nan a matsayin } ɗinsa. Da zarar fayil ɗin ya koma wata na'urar da ba ta da wannan zubi, sai ka ga "}asa" da "]aya" da "~angare". Har gobe intanet cike take da kundayen bincike na jami'o'inmu a wannan kama, kuma wanda ya nemi "ƙasa" ba zai taɓa cin karo da su ba.

Unicode ya fito a 1991 da niyyar bai wa kowane harafi na duniya lambarsa shi kaɗai. Namu suna ciki: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, ga manyansu, ga ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar ajiye lambobin Unicode a cikin fayil, wadda yanzu kusan duk shafukan intanet da ita suke aiki. Windows NT ta tashi da Unicode tun 1993, kwamfutocin Apple da Linux su ma sun daɗe a kai. Windows ɗin da ke kan tebur a kowane shagon buga takardu yau tana da kibod na Hausa a cikinta, ba saye ake yi ba, a wurin saitin harshe ake ƙara shi. Linux ma tana da nata. Ga kuma zubin haruffa na kyauta irin su Charis, Andika da Noto, waɗanda suka fitar da ƙugiyar nan tsaf.

Ban ce komai ya daidaita ba. Akwai ragowar tsohon tsari da ke maƙale a Windows, kuma na ga aikinsa da idona. Sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Mile 12 ya tattara sunayen membobi da kyau, da ƙugiya da komai, aka turo masa a fayil na CSV, wato irin fayil ɗin jerin bayanai da ake buɗewa a Excel. Yana buɗewa a Excel sai ga "Æ™asa" inda ya kamata a ga ƙasa, duk inda ɗ take ta koma É da dogon layi a gefenta. Ransa ya ɓaci, ya ce zai goge ya sake da haruffan Turanci zalla. Alhali babu abin da ya lalace. A UTF-8, ƙ lambobi biyu ce a haɗe, manhajar kuma ta karanta su ɗai-ɗai da tsohon jadawalin Turai, ta farko ta ba da Æ, ta biyu ta ba da ™. Aka sake shigo da fayil ɗin aka gaya mata UTF-8 ne, sunaye suka dawo garau. Ko Notepad, ƙaramar manhajar rubutu ta Windows, sai a 2019 ta koma ajiye rubutu da UTF-8 ba tare da an umarce ta ba, don haka tsofaffin kwamfutocin tokumbo da suka cika shagunanmu suna bukatar a lura da su wajen ajiya.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne a kanmu. Yaranmu nawa ne ke gyara da sayar da kwamfuta a Computer Village ta Ikeja? Mai gyara zai zuba Windows, ya zuba Office, ya zuba manhajar kallon bidiyo, amma kibod na harshen uwarsa bai zo masa a rai ba, mai saye ma bai tambaya ba. Malam, in Alhaji ya kawo maka kwamfuta kana jin yana Hausa, me zai rage ka in ka ƙara masa ka nuna masa yadda ake dannawa? Aikin minti biyu ne.

Na san masu cewa ai ko babu ƙugiya ana ganewa. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina zai gane, domin kunnensa ya riga ya ƙoshi. Yaron da aka haifa a Agege, wanda Yarbanci da Turancin buroka suka fi yawa a kunnensa, abin da ya gani a takarda shi zai furta. In ka rubuta masa "kafa" kana nufin ƙafa, kai ka koya masa kuskure da hannunka. Maƙwabtanmu Yarbawa nasu ya fi namu wuya, domin harafi ɗaya kan ɗauki ɗigo a ƙasa da alamar karin sauti a sama, kuma sai an haɗa lambobi biyu kafin irin su ẹ́ su fito. Duk da haka masu kishin harshen a cikinsu ba su fasa ba. Namu haruffa huɗu ne har da ƴ, da manyansu, kowanne da lambarsa guda.

Masu shagunan buga takardu, roƙona gare ku shi ne ku bar tsohon zubin nan ya huta. Tsofaffin fayilolin da ke hannunku ma ba asara ba ne. A Word akwai wurin nema da musanyawa: a ce duk } ta koma ƙ, duk ] ta koma ɗ, duk ~ ta koma ɓ, a bi manyan haruffan haka, sannan a duba inda aka yi amfani da alamar a matsayinta na asali kada a taɓa ta. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyinmu da ke ba da aiki da yawa su ne ke da ƙarfin faɗa a ji a nan. Su riƙa sharɗantawa tun wajen ciniki cewa a ba su fayil ɗin tare da takardar, su buɗe shi a waya a gaban mai shago, in ƙugiya ta fito daidai sannan su biya cikon kuɗi.