Dattin sola a cikin batir yake

Daga Mai Wurno zuwa gonakin Jazira a nan Sudan, farantan sola suna ta maye gurbin injin ban ruwa, kamar yadda ake gani a fadamun Kano da Jigawa. Ana cewa sola ba ta da datti ko kaɗan. Ni dai ban yarda ba, ko da yake ta fi sauran hanyoyin samun wuta tsabta nesa ba kusa ba.

Kowace lita ta dizal da inji ya ƙona tana sakin iskar kabon kusan kilo 2.6. Injin da ke shan lita 5 a wuni, kilo 13 ke nan kullum, ban da baƙin mai da ke tsiyaya cikin ƙasar noma. Faranti kuwa a masana'anta yake yin nasa dattin. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu ya biya wutar da aka ƙera shi da ita, sannan ya yi shekara 25 yana aiki. Ita ma wutar da ake samu daga madatsar ruwa ba hayaƙi, amma a tambayi ƙabilar Manasir: madatsar Marawi mai megawat 1,250 da aka buɗe a 2009 ta tashi dubban mutane daga gonakinsu na dabino.

Matsalar sola tana wajen batirin dalma da ake tara wutar a ciki. Duk ƙarin zafi na digiri 10 sama da 25 yana cinye kusan rabin rayuwarsa, ga shi a Khartum zafi kan wuce 40. In kuma ana tatse shi fiye da rabi kowane dare, da wuya ya kai shekara biyu. Daga nan sai hannun 'yan gwangwan: a fasa da guduma, a zubar da ruwan batir a ƙasa, a narka dalma a fili kusa da gidaje. Wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san aikin dalma a jikin yaro, ko da yake waccan daga haƙar zinare ta fito.

Don haka manomi ya bar batir gaba ɗaya. A haɗa faranti kai tsaye da inbata (na'urar da ke juya wutar faranti ta dace da famfo) da famfo, a ɗebi ruwa da rana a tara a tanki ko tafki. Ga solar gida kuma, a sa batir a ɗaki mai iska, a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, ba na famfo ba, in ya mutu a mayar wa dila bai fashe ba. Bayan guguwar ƙura ta habub a wanke faranti da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi.