Matan Afganistan: mu daina fakewa da Amurka

Jama'a ni fa akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, duk lokacin da aka taɓo maganar hana mata karatu a Afganistan sai ka ga wasu ƴan uwanmu sun yi caa wai farfagandar Turawa ce. To tsaya. Taliban sun karɓe Kabul a watan Agustan 2021, a Maris ɗin 2022 ƴan mata suka sa yunifom suka tafi sakandare aka ce su koma gida, Disambar shekarar aka rufe musu jami'a. Yarinya ta gama aji shida shikenan karatunta na boko ya ƙare. UNESCO ta ce a 2024 yara mata miliyan 1.4 aka hana sakandare. Turawa ne suka ƙirƙiro wannan?

Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne na Disambar 2024, da suka dakatar da mata daga koyon aikin nas da ungozoma. Kai da kake cewa namiji ba zai duba matarka ba, kuma ka hana mace ta koyi aikin, to in naƙuda ta zo da gardama wa zai karɓi haihuwar? Ƙasar da dama tana cikin waɗanda mata suka fi mutuwa wajen haihuwa. Wallahi ko mu nan da muke layi a asibiti muna neman likita mace mun san zafin abin.

Eh na yarda Amurka ba ta da bakin wa'azi, shekara 20 ta yi tana ruwan bama-bamai, ta tashi tafiya kuma ta riƙe musu kusan dala biliyan 7 na babban bankinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma da ta kira taron Doha a 2024 ai zama ta yi da Taliban ba mace ƴar ƙasar ko ɗaya a teburin, don kar su ƙi zuwa. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, ta fitar da sammacin kama shugaban Taliban Hibatullah Akhundzada a Yulin 2025, amma wa zai je Kandahar ya kamo shi? A watan ne ma Rasha ta amince da gwamnatinsu.

Amma ai ba Turawa kaɗai suka yi magana ba, shi ne abin da ba a so a faɗa. Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya fito ya ce hanin ya saɓa wa shari'a. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, mai hedikwata a Jidda, ta yi tir. Amina Mohammed tamu, a matsayinta na mataimakiyar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta je har Kandahar a Janairun 2023. An yi babban taro a Islamabad a Janairun 2025 kan ilimin ƴaƴa mata, Rabita, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ce ta shirya, aka gayyaci Taliban suka ƙi zuwa. Su ma yaran Yahudawa ne?

Kuma mu jikokin Shehu da Nana Asma'u, wadda ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata ta hanyar ƴan taru tun kafin Bature ya ci ƙasar nan, haba, mu ne za mu tsaya kare mai kulle makaranta?

Ga ƴan ƙabilar Hazara ma, ƴan Shi'a, da ake bi har aji ana tayar musu da bam, kamar na cibiyar Kaaj a Kabul a 2022 inda yawancin waɗanda suka mutu ƴan mata ne masu shirin jarabawar shiga jami'a. Ba na tuna wani malami a nan da ya yi huɗuba a kai.

Ni a ganina ƙasashen Musulmi ne ke da makamin, su Qatar da Daular Larabawa da Turkiyya, jiragensu da kuɗinsu ne ke shiga Kabul kullum. Sanarwar tir daga Jidda ba ta buɗe aji ko ɗaya ba har yau, su gindaya sharaɗi a kan ciniki da biza mu gani.