Arahar motar lantarki tana bakin soket

Ƙanena ya kira ni daga Kano wata Juma'a da yamma, dawowarsa ke nan daga gidan mai. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Yaya, don Allah irin motar nan taka da ba ta shan mai, nawa za ta tsaya mini in an sauke ta a Kwatano? Man nan ya ishe mu." Na ce ya ba ni kwana biyu in rubuto masa amsa a tsanake. Ga ta nan, na kuma sa ta a fili don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba.

Shekara ta uku ke nan ina tuƙa motar lantarki a Manchester. Ta hannu na saya. Ba zan kushe ta ba, mota ce mai daɗi: ba ƙara, ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai, ba filogi, ba salansar da za ta ɓule. Birki ma yana daɗewa, domin da ka ɗaga ƙafa daga totur motar da kanta take rage gudu tana mayar da wuta cikin batir. Abin da mai sayarwa bai tsaya ya yi mini bayaninsa ba shi ne, kuɗin da za ta ci ya dogara da inda kake kwana.

Akwai wani abokin aikina Bature, motarmu kusan iri ɗaya. Gidansa na kansa ne, da ɗan fili a ƙofar gida inda yake ajiye mota. Ya sa an kafa masa akwatin caji a bango. Da tsakar dare kamfanin wuta yana sayar masa da yunit ɗaya a kan kusan kwabo 7 na Ingila. Batirin motar yunit 60 yake ɗauka, wato da fam 4 da 'yan kai ya cika shi yana barci. Ni kuwa haya nake a irin gidajen nan da ke jere manne da juna, ƙofata a bakin titi take. Yau in samu wurin fakin a ƙofar gida, gobe sai layin baya. Ko na samu, in na ja waya ta tsallaka hanyar masu tafiya a ƙasa wani ya yi tuntuɓe da ita, ni ne a ciki. Dole sai cajar waje, mai saurin nan, inda yunit yake kaiwa kwabo 75 zuwa 85. Cikon da ya ci masa fam 4, ni sama da fam 45 yake ci mini. Da na zauna na buga lissafi mil-mil, sai na ga a cajar waje tsohuwar motata mai shan fetur ta fi araha.

Har harajin ma ya bi sawun wannan bambancin. Wutar gida kashi 5 cikin 100 ake ɗora mata na VAT, wutar cajar titi kashi 20. Mai gida ya biya kaɗan, ɗan haya ya biya da yawa, a kan wuta ɗaya daga turke ɗaya.

Wani dare a watan Janairu na taso daga aiki batir ya yi ƙasa, don sanyi yana cinye shi, balle in ka kunna hita. Na shiga filin wani babban kanti inda cajoji huɗu suke. Ɗaya ta lalace, uku akwai motoci. Na tsaya ina jira, gilashi yana yin raɓa, yatsuna sun ƙage. Da na duba waɗanda muke layin tare, direbobin tasi ne: ɗan Pakistan, ɗan Somaliya, sai wani dattijo ɗan Sudan da ya ji ina waya da Hausa ya leƙo ya ce, "Sannu ɗan'uwa." Dukkanmu 'yan haya. Minti 40 na yi kafin in samu wuri, na ƙara wasu 40 ina caji. A daren nan na gane cewa masu buƙatar arahar su ne ba sa samunta, kuma abin ya tsaya mini a rai har yau.

Rangwamen da aka jawo mutane da shi ma ana ta janye shi. Daga Afrilun 2025 motar lantarki ta fara biyan harajin hanya kamar kowace mota. A Landan an daina yafe mata kuɗin shiga tsakiyar gari. An kuma sanar cewa daga 2028 za a riƙa karɓar kwabo 3 a kan kowane mil. Dalilin a bayyane yake: gwamnati tana samun kusan fam biliyan 25 a shekara daga harajin fetur da gas, kuma ba za ta zuba ido kuɗin su zurare ba.

In ana wannan magana sai a kawo Norway, inda a 2024 kusan 89 cikin kowace sabuwar mota 100 da aka saya ta lantarki ce zalla. Gaskiya ne. Amma kusan duk wutarsu daga ruwa take zuwa, mutanensu ba su kai miliyan 6 ba, kuma shekara da shekaru suna yafe wa motar haraji domin suna da arzikin man da suke sayar wa duniya. Mu ma muna da man. Su sai da wuta ta wadata kafin suka kira mota.

To ƙanena, mu dawo gida. A takarda lissafin yana da kyau ƙwarai. Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000. A Afrilun 2024 aka mayar da wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a rana, naira 225 yunit, daga baya aka ɗan rage. Ko a wannan tsadar, yunit 60 bai kai naira 14,000 ba, kuma zai kai ka kusan kilomita 300. Tafiyar nan a motar fetur lita 30 ce. Wato ƙasa da rabin kuɗi. Gwamnati ma ta cire wa motocin lantarki VAT a 2024.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wutar da ake rabawa ƙasar mai mutum sama da miliyan 200 tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Ka tuna Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi sama da mako a duhu, masu ƙanƙara da masu walda suka zauna. Da motar nan kake da ita a makon, da tana ajiye a gareji. In ka ce janareta, ƙaramin nan mai kilowat 2 sai ya yi awa 30 yana ruri kafin batirin ya cika, kuma fetur ɗin da ka gudu shi za ka zuba masa. Wanda zai ci moriyarta shi ne mai katanga da get, mai rufin da ya shimfiɗe da sola da manyan batura. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: bambancin da nake gani tsakanina da abokin aikina, a gida sai ya ninka.

Sai abin da ya fi damuna. Ingila ta sa 2030 a matsayin shekarar daina sayar da sababbin motocin fetur da gas zalla. Mu kuwa 'yar Kwatano muka sani. Ba da jimawa ba tsofaffin motocin lantarki za su fara sauka, fenti yana ƙyalli, batir ya gaji. Batir shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma zafi maƙiyinsa ne. Nissan Leaf ta farko, wadda ba a sanyaya batirinta da ruwa, ta nuna haka a zafin Arizona ta Amurka, kuma zafin Kano a Afrilu ba ya jin kunyar na can. Bakanikenmu na Ƙofar Ruwa ko Panteka gwani ne, da kunne yake gane ciwon inji. Amma wannan wuta ce mai ƙarfin bolt 400, tana kisa, kuma ba wanda ya koya masa. In batirin ya mutu, a bolar wa za a jefar? Ga shi kayan haɗa shi daga nahiyarmu ake tono su: kusan kashi 70 na kobalt ɗin duniya daga Kwango yake fitowa, a Nasarawa kuma an buɗe masana'antar tace lithium a 2024. Mu tono, a kai waje, a dawo mana da shi bayan ya ƙare.

Duk da haka ban ce mu juya wa abin baya ba. Ɗan Sakkwato ne, Jelani Aliyu, ya zana motar nan mai caji, Chevrolet Volt, kuma a zamaninsa na shugabancin hukumar ƙera motoci aka kafa cajar sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan bas yana sa musu batir da sola, suna ɗaukar fasinja. A ganina nan ne hanyar take. Batirin adaidaita sahu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na motata ba, na babur bai ma kai haka ba. Rana muna da ita har ta yi yawa. A Ruwanda da Kenya da Jamhuriyar Binin 'yan acaɓa suna shiga tasha su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna, ba su sayi batirin ba balle su damu da tsufansa. Duk gwamnan da ke da kuɗin sayen jibga-jibgan motocin lantarki don ayarinsa, da ya kafa irin waɗannan tashoshi a Sabon Gari da Kurna da Hotoro, da mai keken da rabin cinikinsa ke tafiya gidan mai ya ga canji a tukunyar gidansa.

Saboda haka ƙanena, ka riƙe Corolla ɗinka tukuna. Kuɗin da ka ce ka tara, ka fara sa sola a gidan Hajiya, firij ɗinta ya daina lalata mata magani. Zan cika maka na batura ƙarshen wata in Allah ya kai mu. In ka shekara rufin nan yana ba ku wuta har ta yi rara, ka sake kirana mu yi maganar keke mai caji, wanda yaron nan na Kawu zai riƙa ja.