Kada ku sayar wa 'yan gwangwan da Fijon Baba

Jiya da yamma ina tsaye ƙofar gida wata a-kori-kura ta wuce, an ɗoro mata gaban wata Fijo 504 da aka raba gida biyu da wutar walda. Fitilunta suna nan, zakin da ke gabanta ma ba a cire ba. Daga inda nake na hango bodin, kuma wallahi lafiyayye ne, babu alamar ruɓa a ƙasan ƙofa. An yanka ta ne kawai don ta hau sikeli. Tun jiyan abin yake cina, shi ya sa na ce bari in amayar da abin da ke raina, ko Allah zai sa wani mai irinta a gida ya dakata.

A unguwanninmu, kusan duk layin da ka bi sai ka ga irin wannan mota. Tana ƙarƙashin darbejiya ko a lungun zaure, tayoyi sun sace sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya, zanzaro ya yi gini a jikin sitiyari. Mai ita ya rasu ko ya tsufa. 'Ya'ya ba sa son ta, ba kuma sa son a ce sun sayar da motar mahaifinsu. Sai a bar ta shekara goma, damina tana dukan ta, rani yana gasa ta, har ranar da za a buƙaci filin a yi shago. Ranar nan sai a kira mai gwangwan ya auna ta da kilo. Ni a ganina wannan ba girmama mamaci ba ne. Idan da gaske ana son tunawa da shi, a ba wanda zai tashe ta, ko da a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kuma wannan ba kowace irin mota ba ce a wurinmu. A Faransa aka fara fito da 504 a 1968, a shekarar da ta biyo ta ci kambin motar shekara ta Turai, a 1975 kuma ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya, inda ake gwada mota a kan laka da burji irin namu. A wannan shekarar ce kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci, daidai lokacin da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suka shiga hannun ma'aikata. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin da ta biyo baya ta rage ƙawa, Fijo ta zama motar hukuma tun daga manyan sakatarori har ƙasa. Faransawa sun daina ƙera ta a 1983, amma mu a Kaduna muka ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Wato yawancin waɗannan da ke ruɓewa a ƙofar gidajenmu, hannun mutanenmu ne ya ɗaure musu kusa. Ita ta kai iyayenmu mata asibiti, ita ta ɗauko amare, wagon ɗinta kuma ta yi shekaru tana jigilar mutane Kano zuwa Kaduna, Katsina zuwa Jibiya har Maraɗi. Masaƙun da ke maƙwabtaka da kamfanin a Kakuri sun yi shiru. Abin da ya rage mana na wancan zamani da za a iya taɓawa da hannu bai da yawa.

Tawa na same ta ne a gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya rasu. Na daɗe ina wucewa ina kallon ta, rannan dai na yi ta maza na yi sallama. Hajiya ta fito, muka gaisa, na ce, "Hajiya, motar Malam na zo tambaya, ko za ku sallama mini." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, yanka ta za ka yi?" Na ce a'a, gyara ta zan yi in hau. Ta ce in dawo bayan sati biyu, domin ba tata ba ce ita kaɗai, kayan gado ne, sai ta ji ta bakin yaran. Wannan magana tata ita ce darasin farko, kuma ina roƙon duk mai sha'awar wannan harka ya riƙe ta. Motar mamaci ta magada ce. Kada ka ba wa ɗa guda kuɗi a bayan gida ka jawo ta da dare. A tara su, kowa ya yarda, a rubuta takardar ciniki da shaidu, ka karɓi tsofaffin takardunta ko da sun yi shekara ashirin da ƙarewa, ka duba lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke rubuce. Motar da ba ta da asali, ko kyauta aka ba ka, ka bar ta inda ka gan ta.

Abin da na biya bai kai kuɗin sabon babur ba. Muka jawo ta da igiya zuwa garejin wani tsohon bakanike da kowa ke ce wa Baba, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a kan 404 da 504. Ni ina ta ɗokin a sa batir a murza makulli. Ya dube ni ya ce, "Malam, mutumin da ya yi shekara tara a kwance, ba a ce masa tashi ka yi gudu." Ya kwance fulogi huɗun, ya ɗura ɗan man gas da baƙin mai a kowane rami, ya ce mu tafi gida. Kwana biyar yana zuwa kullum da safe yana sa sifana a gaban injin yana ɗan taɓawa, ba ya tilastawa. Ranar ta shida injin ya juya a hannunsa, a hankali, kamar an buɗe tsohuwar ƙofa. Da mun yi abin da nake so ranar farko, da mun karya ringi ko mun kankare cikin injin, aikin da bai ci komai ba ya koma na dubban nairori.

Daga nan aka sauke tanki. Fetur ɗin da ke ciki ya koma kamar danƙo, warinsa ma ya canza. Aka wanke, aka busa bututu, aka kwance kabureta ɗai-ɗai a kan faranti. Na zauna ina kallon Baba yana ɗaga ƙananan ramukan nan sama yana hango haske ta cikinsu, yana hurawa da baki. Aka canza kwantak da fulogi, aka wanke lagireto, aka bi wayoyin da ɓeraye suka ci. Ranar da ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe garejin, yaran Baba suna ta ihu, shi kuwa ya kara kunne kusa da injin bai ce uffan ba sai da ta daidaita. Sannan ya ce, "Tana da sauran kwana. Amma ba za ta fita ƙofar nan ba sai an yi birki." Haka kuwa aka yi. Duk robar da ke cikin birkin ta bushe, an canza ta gaba ɗaya, da tiyo, da tayoyi huɗu. A nan ban yarda a nemi araha ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya nema.

Maganar araha ita ce inda mutane suke ruɗuwa. Sayen motar ne mai araha. Gyaran kuwa yana iya cinye ka idan ka ɗauko wadda ba ta dace ba, ko ka fara daga inda bai kamata ba. Inji ba abin tsoro ba ne a Fijo. An yi shi yadda za a kwance a mayar, kuma har yanzu idan ka shiga Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano da haƙuri, za ka samu kayansa, wani sabo wani na hannu. Bodi shi ne abin dubawa. Kafin ka yi ciniki, ɗaga shimfiɗar ƙasa ka taka da ƙafa, ka buɗe but ka duba ƙasansa, ka leƙa inda batir ke zama, ka bi gefen gilashin gaba da yatsa. Mu a Arewa Allah ya taimake mu da busasshiyar iska, motocinmu ba sa ruɓewa kamar na bakin teku. Amma wadda ta daɗe a ƙarƙashin bishiya, ganye yakan toshe hanyoyin ruwa, ruwan damina ya kwanta a ciki ya ci ƙarfen daga ƙasa. Mota mai mataccen inji da lafiyayyen bodi ta fi mai tashi da ruɓaɓɓen ƙasa sau goma.

Ni a nan na yi asara, kuma har yau tana yi mini ciwo. Na ƙagu in gan ta tana sheƙi, sai na kai ta wurin wani mai gyaran bodi tun Baba bai gama nasa ba. Maimakon ya yanke ruɓaɓɓen wurin da ke ƙasan ƙofar baya ya yi waldar sabon ƙarfe, sai ya cike shi da foti ya shafe ya fesa fenti. Damina ɗaya fentin ya kumbura, ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Sai da aka kankare aka sake daga farko. Da na tsaya a kansa ranar da yake aikin, da ban biya sau biyu ba. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan birki, bayan inji, bayan waya, bayan walda. Kuma ba sai an yi komai a wata ɗaya ba. Ni shekara ɗaya da rabi na yi, duk ƙarshen wata in ware abin da ba zai taɓa cefanen gida ba, in sayi abu ɗaya. Wata na shokazoba, wata na salansa, wani watan kuma babu komai. Arahar a nan take.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini a ido. Wai a wannan marra, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wa zai ɗauko akwala mai shan mai? Gaskiya ne tana sha fiye da ƙananan motocin yanzu, ba zan ɓoye ba. Ba ta da jakar iskar nan da ke kare direba idan an yi karo, birkinta kuma ba irin na zamani ba ne. Saboda haka ba na cewa kowa ya mai da ita motar zuwa aiki kullum, ko ya ɗebi iyali ya hau babbar hanya yana tsere da ita. Ni ranar Juma'a nake fito da tawa, da ranakun biki, da ɗan zagayen cikin gari. Amma a yi adalci wajen lissafi. Motar Kwatano da aka sayo da miliyoyi, idan ƙwaƙwalwarta ta samu matsala sai an nemo mai kwamfuta, wani lokacin a yi ta canza kaya ana lalube. Wannan kuwa da sifana da sukundireba da kunnen mutumin da ya san ta ake gane ciwonta. Kuma wanda ya ce ɓarnar kuɗi ce, ina tambayarsa nawa ya kashe a waya cikin shekara biyun nan, wayar da ba za ta kai shekara biyar ba.

Abin da ya fi damuna ma ba motocin ba ne, masu gyaran ne. Irin su Baba suna ƙarewa. Yaran da ke garejinsa sun iya Golf da Corolla, amma kafin motata ta zo, babu ɗayansu da ya taɓa saita kwantak ko ya daidaita kabureta da kunne. Wani ƙaraminsu, ɗan shekara goma sha shida, shi ya fi kowa naci. Duk abin da aka kwance sai ya ɗauka ya juya ya tambaya, "Baba, wannan me yake yi?" Baba kuma, da ba mai yawan magana ba ne, sai ga shi yana bayani har ana kiran magariba. Ya ce mini rabon da wani ya tambaye shi irin wannan har ya manta. Duk Fijon da aka yanka, an rage wa irin wannan yaro wurin koyo, kuma ranar da tsofaffin nan suka tafi, ko kana da kuɗi ba za ka samu mai taɓa maka ita ba.

Don haka roƙona ga masu irin wannan mota a gida, Fijo ce, ko tsohuwar Marsandi, ko Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru da ake haɗawa a Legas a da: idan ba za ku gyara ba, ku yi cigiya kafin ku kira mai sikeli. Ku sa hotonta a Facebook, ku faɗa wa kanikawan unguwa. Idan ma ta wuce gyara, gilashinta, fitilunta, hannun ƙofarta, agogon gabanta, duk akwai mai nema ido rufe, domin waɗannan su ne ba a samu sababbi. Kafin a samu mai so, ku janye ta daga ƙarƙashin bishiya, ku ɗora ta a kan bulo, ku rufe ta.

Ranar da na gama, gidan Hajiya na fara zuwa. Ban yi hon ba, amma tana jin ƙarar injin ta fito da mayafi a hannu, ta ce tun daga kwanar layin ta gane ta. Ta zagaya ta, ta shafa kujerar gaba, ta ce, "Nan nake zama." Na buɗe mata ta shiga, jikokinta uku suka cika baya, muka je har bakin kasuwa muka dawo. Ba ta yi magana a hanya ba, sai da za ta sauka ta ce Allah ya yi mini albarka, ta kuma ce akwai wani littafin motar da Malam yake ajiyewa a cikin akwatinsa, za ta nemo mini.

Har yanzu ina neman robar gilashin baya ta 504 salun, da fitilar baya ta hannun hagu. Wanda ya san inda ake shirin yanka wata, don Allah ya yi mini magana kafin a kunna wuta.