Kafin Ka Ce "Haka Allah Ya Yi Ni"

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Akwai maganar da ta yi yawa a bakinmu. Mutum zai zazzagi matarsa a gaban yara, ko ya kwana har hantsi bai yi Asuba ba, in an yi masa magana sai ya ce, "Hali zanen dutse ne, haka Allah Ya yi ni." Ɗan uwa, ji tsoron Allah. Kada ka jingina wa Mahaliccinka abin da kai ka gina da hannunka, yau da gobe.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma suna miƙa wa juna saƙo ta wasu 'yan mahaɗai da ido ba ya gani. Mahaɗar da ake yawan aiki da ita ƙarfi take ƙarawa, wadda aka bari kuwa sai ta yi rauni. Masanin ƙwaƙwalwa Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya nuna cewa maimaici kan kuma rage ƙarfin wata mahaɗar, a jikin wani dodon koɗin teku mai ƙwayoyin jijiya kusan 20,000. In aka taɓa shi, nan take yake janye sashen da yake numfashi da shi. A ci gaba da taɓawa, sai janyewar ta riƙa raguwa, har ya daina kulawa. Da aka bincika, sai aka tarar saƙon da ke ratsa mahaɗar ne ya ragu.

Subhanallah. Tuna ranar farko da hoton batsa ya faɗo maka a waya, yadda gabanka ya faɗi, ka kau da kai kana a'uziyya. Yau fa? Babban yatsanka yana ta jan allo, ko gezau. Haka gulma a majalisa, haka tauye mudu. Manzon Allah (SAW) ya gaya mana cewa idan bawa ya yi zunubi ana ɗiga masa baƙin ɗigo a zuciya, in ya tuba a goge, in ya ƙara ɗigon ya ƙaru har ya rufe zuciyar, sannan ya ambaci ayar tsatsa ta Suratul Muɗaffifina. Ban ce ɗigon nan shi ne mahaɗar jijiya ba, haƙiƙarsa tana wurin Allah. Amma ko tsokar da ke cikin kanka tana shaida cewa maimaici yana kashe tsoron saɓo.

To, ƙofar da sharri ya bi, alheri ma ita yake bi. A 2000 wata masaniyar ƙwaƙwalwa mai suna Eleanor Maguire ta auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, ta ga wani ɓangare mai riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin, nasa ya fi. Manya ne fa, ba yaran goye ba. Don haka kar ka ce shekaru sun ja.

Ku dubi dattawanmu na Gangare da Anguwar Rogo da ke Jos a sanyin Disamba. Ruwan buta kamar ƙanƙara, haƙora na haɗuwa, amma kafin ladan ya gama "Assalatu khairun minan naum" tsoho ya ɗaura rawani a kan hular sanyi, yana sahun gaba. Kana zaton sanyin ba ya ratsa shi ne? Yana ratsa shi sarai. Shekaru ya yi yana tilasta wa kansa, har aikin ya sauka cikin sassan ƙwaƙwalwa masu tafiyar da sabo, gardamar da kai kake yi da bargo shi ya wuce ta. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Sai dai a kiyaye, tsohon sabo ba ya gogewa gaba ɗaya, kwanciya yake yi. Wuri, ko aboki, ko lokacin da aka saba, suna iya tada shi. Shi ya sa wanda ya bar shaye-shaye ba ya komawa zama inda ake sha, kuma in abin ya kama jiki, ganin likita ba rashin tawakkali ba ne.

A daren yau ka cika butarka tun bayan Isha'i, ka ajiye wayar nesa da shimfiɗa, inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kashe ƙararrawa. Gobe ma haka. Allah Ya dafa mana.